Damina Ashirin

A ƙasar Hausa ta da, manomin da ya girbe dami dubu a damina guda yakan tara jama'a a yi biki, makaɗa su wasa shi, daga ranar kuma a riƙa kiransa sarkin noma. Labarinsa yakan zaga kasuwannin ƙauye har jikoki su gaje shi. Akwai kuma wani manomin da ba a taɓa buga masa ganga ba, wanda kowace shekara yakan sami ɗari biyar ko ɗari shida, fari ya zo ya wuce bai yi ƙaura ba, ciwon baya bai hana shi saɓa fartanya ba, har damina ashirin. Da za a zauna a ƙidaya abin da kowannensu ya zuba a rumbu tsawon rayuwarsa, na biyun nan za a tarar a gaba, kuma da tazara. Hoton da yake zuwa mini ke nan duk lokacin da na dubi jerin 'yan wasan da suka fi kowa cin maki a tarihin babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA.

Ga yadda jerin ya tsaya a ƙarshen kakar wasa ta 2024. LeBron James ne a sama, ya haura maki 40,000. Kareem Abdul-Jabbar na biye da 38,387, sai Karl Malone da 36,928, Kobe Bryant da 33,643, sannan Michael Jordan da 32,292. Dirk Nowitzki, Bajamushen da ya yi shekara 21 a ƙungiyar Dallas bai sauya riga ba, yana da 31,560, Wilt Chamberlain kuma 31,419. Wanda ya san wasan ko da sama-sama zai ji wani abu ya tsaya masa a rai, domin mutum biyun da suka fi kowa zafin hannu, Jordan da Chamberlain, ɗaya na biyar ne, ɗaya na bakwai. A kowace kaka akan fitar da gwarzon cin maki na wannan shekarar. Jordan ya zama gwarzo sau 10, Chamberlain sau 7. Kareem sau 2 ya samu, LeBron sau 1 rak. Wato in an haɗa na mutum biyun da ke saman jerin, bai kai rabin na Chamberlain shi kaɗai ba.

Lissafi ne yake warware wannan ƙulli. Kowace ƙungiya tana buga wasa 82 a kaka, kuma makin waɗannan wasanni kaɗai ake shigarwa cikin jerin. Abin da aka ci a wasannin neman kofi na ƙarshen kaka littafinsa daban. Ɗan wasan da yake cin maki 25 kowane dare, wanda ko a yau tauraro ne, in bai yi fashin wasa ko ɗaya ba zai tashi da 2,050 a shekara. Kafin ya kamo Kareem sai ya yi kusan shekara 19 a haka, babu karaya, babu targaɗe, babu zazzaɓin da zai kwantar da shi mako guda. Saboda haka a ganina jerin nan ya fi kama da rajistar halarta fiye da ma'aunin baiwa. Baiwa ita ce kuɗin shiga, kowa a cikinsu ya biya. Abin da ya jera su wani gaban wani shi ne yawan dararen da suka ɗaura takalmi suka fito.

Ko yawan makin kansa sai da doka ta buɗe masa ƙofa. A watan Nuwamba na 1950 ƙungiyar Fort Wayne ta doke Minneapolis da ci 19 da 18, domin ta riƙe ƙwallo ta ƙi jifa don kada ta faɗa hannun George Mikan, ƙaton da ya addabi kowa a lokacin. 'Yan kallo suka yi ta ihu, wasan ya kusa rasa kasuwa. A 1954 aka kawo agogon daƙiƙa 24, wanda ya tilasta wa kowace ƙungiya ta yi jifa kafin ya buga, ko ta rasa ƙwallo. Ba don agogon nan ba, da babu ko ɗaya daga cikin lambobin da na lissafa.

Shekara takwas bayan haka aka yi daren dami dubu. Ranar 2 ga Maris 1962, a garin Hershey na jihar Pennsylvania, wanda da cakulan aka san shi, Chamberlain ya ci wa Philadelphia maki 100 a kan New York, aka tashi 169 da 147. Mutum 4,124 ne suka shiga kallo, ba a nuna wasan a talabijin ba, babu hotonsa mai motsi. Abin da ya rage shi ne muryar mai sharhin rediyo a ƙarshen wasan, da hoton nan na Chamberlain zaune yana riƙe da farar takarda da aka rubuta 100 a kanta da hannu. Ya yi jifa 63, 36 suka shiga. Abin mamakin ma a jifan tara yake, wanda ake ba ɗan wasa in an yi masa ƙeta: mutumin da tsawon rayuwarsa da ƙyar yake cin rabin irin wannan jifa, a daren nan ya zura 28 cikin 32.

Ina ƙaunar labarin nan, amma ba na ɓoye wa kaina yadda ƙarshensa ya kasance. Da 'yan New York suka ga abin kunya na tunkaro su, sai suka koma yi wa abokan wasan Chamberlain ƙeta da gangan don kada ƙwallo ta kai gare shi, 'yan Philadelphia su ma suka shiga rama ƙetar don su karɓo ƙwallo da wuri su ɗura masa. Wasa ya tashi daga neman nasara ya koma neman lamba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Abin da ya fi burge ni a kakar nan shi ne wata lambar da ba a cika ambato ba. Tsawon wasa minti 48 ne, amma matsakaicin Chamberlain a shekarar minti 48.5 ne, saboda ba ya fita hutu, har da ƙarin lokaci. Haka ya tara 4,029 a kaka guda, matsakaicin 50.4 a kowane wasa, abin da babu wanda ya sake kusanta. Sai dai kaka 14 ya buga. A rabin ƙarshe ma da kansa ya rage jifa, domin an daɗe ana yi masa gori cewa shi yana tara maki, Bill Russell na Boston yana tara kofuna. Russell, wanda matsakaicinsa bai wuce maki 15 da ɗoriya ba, ya tashi da kofi 11, Chamberlain da 2. Gorin ya shige shi har a kakar 1968 ya fi kowa yawan miƙa wa abokai ƙwallon da suka ci, kamar mai son ya nuna wa duniya ba rowa ce da shi ba.

Jordan kuwa tafiya ya riƙa yi yana barin gonar. Matsakaicinsa na maki 30.1 shi ne mafi girma a tarihin gasar, ya ɗara na Chamberlain da ɗan ƙiris. Amma wasa 1,072 ya buga, Kareem 1,560. Ya ajiye wasa a 1993, bayan an kashe mahaifinsa, ya tafi gwada wani wasan daban na dukan ƙwallo da sanda, ya dawo a Maris na 1995. Ya sake ajiyewa bayan kofinsa na shida a 1998, ya zauna kaka uku, sannan ya dawo ya ƙarasa a Washington. Da a ce yau dare ɗaya ne za a buga, kuma rayuwata ta rataya a kan wanda zai fi ci, Jordan zan ɗauka ba tare da na yi shawara da kowa ba. Jerin dai bai san dare ɗaya ba. Shi kuma Kobe, wanda ya kwaikwayi Jordan har yadda yake juya kafaɗa, ya kuma ci maki 81 a kan Toronto a Janairun 2006, jiki ne ya rufe masa littafi. Jijiyar agararsa ta tsinke a Afrilun 2013. Kaka ta gaba wasa 6 ya buga, ta bayanta 35. Ya yi bankwana da maki 60 a 2016, amma ya riga ya rasa shekarun da za su kai shi kusa da sama.

A kan Kareem nake so in daɗe, domin shi ne manomin nan na biyu, kuma ta bakin kawuna, ƙanin mahaifiyata, na fara jin sunansa. Kawu ya yi karatu a Zariya a shekarun 1980, ya ɗan taɓa wasan a can, kuma a tsofaffin kaset-kaset na bidiyo ya san taurarin Amurka. Bai taɓa kiransa Kareem ba, Karimu yake cewa, kamar wani ɗan unguwarsu.

An haife shi a birnin New York a 1947 da suna Lew Alcindor. Tsawonsa ƙafa 7 da inci 2. Da ya shiga jami'ar UCLA, a shekara ukun da ya buga wa babbar tawagarta sun ci wasa 88, sun faɗi 2. A 1967 hukumar wasannin jami'o'i ta haramta dankara ƙwallo cikin kwando da hannu daga sama, kuma mutane da yawa sun ɗauka saboda shi aka yi dokar. An ƙwace masa makami mafi sauƙi, sai ya koma ya goge wani da ya koya tun yana yaro, wanda Turawa suka yi wa laƙabi da ƙugiyar sama. Zai ba mai tsaronsa kafaɗa, ya taka ƙafar hagu, ya ɗaga gwiwar dama, ya miƙe hannun dama can ƙololuwa, sannan ya saki ƙwallo da yatsu ta gangaro cikin raga. Duk faɗin jikinsa yana tsakanin mai tsaro da ƙwallon, kuma daga inda take barin hannunsa ba kowa ke iya kaiwa ba. Kowa a filin ya san abin da zai yi, kociyoyi sun shekara ashirin suna nazarinsa, ba a sami maganinsa ba.

Sirrin jifan nan, a fahimtata, shi ne ba ya cin jiki. Mai dogaro da tsalle da gudu yana ci ne daga jarin da ke raguwa kowace shekara, ranar da gwiwa ta gaji kasuwarsa ta tashi. Ƙugiyar Kareem tsawo take buƙata da saiti da natsuwa, kuma tsufa ba ya rage wa mutum tsawon hannu. Matasa ba sa sha'awarta don ba ta sa 'yan kallo su miƙe tsaye, shi ya sa har yau babu wanda ya gaje ta. Shi ma mai ita ba mai neman tafi ba ne. Ya musulunta yana ɗalibi, ya ƙi shiga tawagar Amurka ta wasannin Olamfik na 1968 saboda yadda ake wulaƙanta baƙar fata, ya bayyana sabon sunansa a 1971 bayan ya ci wa Milwaukee kofi, kuma 'yan jarida sun daɗe suna kiransa mai ɗaure fuska. Makinsa mafi yawa a dare ɗaya 55 ne. A duk rayuwarsa ta gasar, jifan maki uku guda ɗaya tak ya taɓa ci. Da bibbiyu da ɗai-ɗai ya tara 38,387.

Ranar 5 ga Afrilu 1984, a Las Vegas, Magic Johnson ya miƙa masa ƙwallo, ya juya ya saki ƙugiya ta saman Mark Eaton na Utah, ya wuce Chamberlain. Yana gab da cika shekara 37, shekarun da yawancin 'yan wasa sun riga sun koma gida. Shekara guda bayan haka Boston ta lallasa ƙungiyarsa ta Los Angeles da ci 148 da 114 a wasan farko na karon ƙarshe, jaridu suka ce tsoho ya ƙare. A wasa na biyu ya ci 30, suka ɗauki kofin, aka zaɓe shi gwarzon karon yana da shekara 38.

A ƙarshen Disambar 1984 ɗin nan, wata tara bayan daren Las Vegas, aka haifi LeBron James a garin Akron na jihar Ohio. Daren da ya kamo Kareem, 7 ga Fabrairu 2023 ne a can, a wurinmu kuwa asubahin Laraba, cikin sanyin hunturu, a makonnin nan da takardar naira ta yi ɓatan dabo mutane suna kwana a layin banki. A waya na kalla, lulluɓe da bargo. Maki 36 yake nema. Saura daƙiƙa goma da 'yan kai a rufe kashi na uku na wasan, ya karɓi ƙwallo, ya ba mai tsaro baya, ya juya yana faɗawa baya ya jefa, ta shiga. Aka tsayar da wasa. Kareem, yana da shekara 75, ya taso daga kujerarsa a bakin fili, ya ɗaga ƙwallo sama ya miƙa masa. Ladanai sun fara kiran salla a unguwarmu. Da aka koma wasa, Oklahoma ce ta yi nasara da ci 133 da 130, abin da kusan kowa ya manta.

Da hantsi na je gaida Kawu. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, yau dai an sauke mutuminku."

Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ɗana, ka mayar wa Karimu shekara huɗun da ya yi a jami'a, ka ba shi layin nan naku na maki uku tun yana yaro, sannan ka dawo mu yi magana."

Maganarsa tana da ƙafa. Kareem ya shiga gasar yana da shekara 22, LeBron yana da 18, kai tsaye daga sakandare a 2003. Layin maki uku sai a 1979 aka shata shi, Kareem ya riga ya yi shekara goma yana wasa, kuma a zamanin ana ɗaukar jifa daga can wauta ce. LeBron ya ci irin wannan jifa fiye da 2,000, kowanne da ƙarin maki guda. Ban yi musu da Kawu ba, ba a jayayya da babba a kan abin da yake ƙauna tun kafin a haife ka. Amma a zuciyata na ga rigimar ta cikin gida ce, domin su biyun gona ɗaya suke nomawa. Fara wasa da wuri ba kyauta ba ce, ƙarin shekara huɗu ne na faɗuwa a kan katako da karo da ƙarti. LeBron bai taɓa wuce maki 61 a dare ɗaya ba, kuma an fi saninsa da rabon ƙwallo, har akan zarge shi da miƙa wa wani a lokacin da ake son ya jefa da kansa. Lambarsa da ta fi kama da shi ita ce wannan: daga Janairun 2007 ya jera wasa fiye da 1,200 bai taɓa tashi da ƙasa da maki 10 ba. Ya cika 40,000 ranar 2 ga Maris 2024, shekara 62 cif bayan daren Hershey.

Shi ma sai da ya sauya makami kafin ya daɗe. Bayan Dallas ta su Nowitzki ta kunyata shi a karon ƙarshe na 2011, ya tafi Houston ya zama ɗalibi a wurin Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa kafin ya taɓa ƙwallon kwando, ya kuma tara maki 26,946 da kofi biyu da sarrafa ƙafa irin wadda ba a taɓa gani ga mai tsawonsa ba. Kobe ma ya je wannan makaranta a 2009. Abin da suka je nema ɗaya ne, yadda za ka ba mai tsaro baya ka ci maki da taku da dabara ranar da tsalle ya fara ƙin ka. Jifan da LeBron ya wuce Kareem da shi irin na dattawan fili ne.

Malone ya fi kowa tabbatar mini da wannan magana, domin shi bai taɓa zama gwarzon cin maki ba ko sau ɗaya, bai kuma taɓa ɗaukar kofi ba. Sau biyu Jordan yana tare masa hanya a karon ƙarshe. Laƙabinsa ma na ma'aikaci ne, mai kai wasiƙa. A shekara 18 da ya yi a Utah wasannin da ya rasa ba su wuce goma ba. Gefensa kuma akwai John Stockton, wanda ya miƙa ƙwallon da aka ci sau 15,806, kaso mai tsoka a hannun Malone ya sauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai dai jerin suna ɗaya yake rubutawa a gaban kowace lamba. Ko a wajen Amurka haka zancen yake. Oscar Schmidt na Barazil, wanda ya ƙi shiga NBA a 1984 don dokar lokacin za ta hana shi buga wa ƙasarsa, ana lissafa masa fiye da maki 49,000 a ƙungiyoyi da tawagar ƙasa. Ya je Olamfik sau biyar, kuma bai ajiye wasa ba sai da ya kai shekara 45.

Akwai wani yanki na rayuwar Kareem da masoyansa ba sa son tunawa, wato kaka biyunsa na ƙarshe. Ya haura arba'in, gudu ya ragu, ƙungiyar ta zama ta Magic Johnson, shi kuma yana biye a baya da tabaransa na kare ido. Matsakaicinsa ya sauko zuwa 14.6, sannan 10.1, mutumin da ya taɓa yin 34.8. Masu sharhi suna ta cewa ya kamata ya tafi tun da sauran mutunci. Duk da haka ya fito wasa 80 a ta farko, 74 a ta biyu, ya ƙara maki 1,900 da 'yan kai a rumbu. Tazarar da ke tsakaninsa da Malone 1,459 ce. Da ya ji shawarar masu sharhi ya tafi a 1987, da Malone ya sauke shi tun farkon shekarun 2000, kuma da wani ne daban zai taso daga bakin fili ya miƙa wa LeBron ƙwallo a daren nan na Fabrairu.